An ga ƙari a jijiyar kunnen Mma, likita ya ce a dawo bayan wata shida. Sakaci ne?

Wani ɗan'uwa daga Aboabo ya aiko da tambaya a kan mahaifiyarsa, mai shekara 54, mai sayar da atamfa a kasuwar Kejetia da ke Kumasi, a Gana. Shekara biyu ke nan kunnenta na dama yana ja da baya, ga wata ƙara a ciki kamar kukan gyare, ba dare ba rana. An wanke kunnen sau biyu, babu canji. Daga baya aka tura su hoton MRI, takarda ta fito da ƙari mai milimita 11 a jijiyar kunne, likita kuma ya ce su dawo bayan wata shida a sake hoto. Gida ya rabu biyu. Wasu na cewa a haɗa kuɗi a kai ta Indiya a cire tun bai zama kansa ba, wato ciwon daji, ko Allah ya sa jinta ya dawo. Wasu na cewa wayar da take maƙalewa a kunne wuni guda ce ta jawo.

Ƙanena, sannu da jinya, Allah ya ba Mma lafiya. Ban ga hoton ba kuma ban duba ta ba, don haka maganar likitan da ya gan ta tana gaba da tawa. Amma abin da ka kwatanta na sha ganin irinsa a ɗakin gwajin ji, kuma na san inda hankalin iyali yake tashi. Sun ɗauka ƙarin da kurumtar abu ɗaya ne, in an tumɓuke wannan sai wancan ya tafi. Ba haka ba ne. Wani ɓangare na binciken da aka yi a kan wannan cuta ya taru ne a kan raba waɗannan biyun.

Bari mu fara da inda abin yake zaune. Daga can cikin kunne akwai wani ɗan rami a ƙashi, tsawonsa bai wuce santimita 1 ba, wanda ya ɓulle cikin ƙoƙon kai. Ta cikinsa jijiyar ji take wucewa, tare da jijiyar da ke riƙe da daidaiton jiki don kada mutum ya yi tangaɗi, tare da jijiyar da ke motsa fuska: murmushi, rufe ido, hura wuta. Kamar wayoyin lantarki ne da aka cusa a bututu guda. Kowace jijiya tana da riga da ta lulluɓe ta, kuma ƙwayoyin da ke saƙa rigar ana kiran su da sunan Theodor Schwann, Bajamushen da ya bayyana su a ƙarni na 19. Idan waɗannan ƙwayoyi suka yi ta hayayyafa ba birki, sai a sami ƙarin da likitoci ke kira shuwanoma. Tsohon sunansa akustik niyuroma, kuma sunan yana ɓatar da mutane, domin kusan kullum a kan jijiyar daidaito yake tsirowa, jijiyar ji maƙwabciya ce da abin ya shafa.

Ba kansa ba ne. Ba ya bin jini ya je huhu ko hanta. Rikiɗewarsa zuwa kansa abu ne da likita zai gama aikinsa ya yi ritaya bai taɓa gani ba. Haɗarinsa na wuri ne: in ya cika ramin ya leƙo cikin kai ya ci gaba da girma, zai taɓa jijiyar da ke ba fuska jin taɓi, rabin fuska ya yi kamar an shafa mata ƙanƙara, daga nan ya danne gindin ƙwaƙwalwa, ya toshe hanyar ruwan kai. Wannan sai ya kai girman goro, santimita 3 zuwa sama. Na Mma milimita 11 ne, ƙwayar gyaɗa ke nan.

To me ya sa likita bai taɓa shi ba? Amsar daga Denmak ta fito. Tun 1976 ƙasar take rubuta duk wanda aka gano yana da wannan ƙari a rajista guda, aikin da Mirko Tos ya fara a Kopenhegen, Sven-Eric Stangerup da abokan aikinsa suka ci gaba da shi. A farkon rajistar ana gano mutum 3 ne cikin miliyan a shekara, ƙarin kuma a matsakaici ya kai milimita 26 kafin a gan shi. Zuwa 2015 adadin ya kai 34 cikin miliyan, girman kuma ya sauko zuwa milimita 7. Babban dalili shi ne na'urar MRI ta yawaita, aka fara ganin ƙananan da a da ake binne mutane da su ba wanda ya sani. Masu bincike a asibitin Mayo na Amurka sun ƙiyasta cewa fiye da mutum 1 cikin 500 zai sami irin wannan ƙari a tsawon rayuwarsa.

Da ƙananan suka yi yawa, sai 'yan Denmak suka daina gaggawar yanka, suka koma sa ido da hoto. A rahotonsu na 2006, cikin waɗanda ƙarinsu ke cikin ramin bai leƙo ba, kashi 17 cikin 100 ne kawai ya girma har ya fito. Cikin waɗanda ya riga ya leƙo, kashi 29 ne suka ƙaru. Kuma waɗanda za su girma, a shekara 5 na farko suke nuna hali. Binciken baya-bayan nan da ke auna cikar ƙarin gaba ɗaya, ba tsawonsa kaɗai ba, yana kama girma a mutane fiye da haka, wannan gaskiya ne. Duk da haka maganar ba ta canja ba: da yawa suna tsayawa cik, masu tafiya kuma mafi yawansu milimita 1 ko 2 suke ƙarawa a shekara. Hoto ɗaya ba zai gaya wa kowa ko na Mma mai tafiya ne ko mai zama ba. Sai na biyu. Wata shidan da aka ba ku ke nan.

A Norwe ma an gwada abin ido da ido. A asibitin Haukeland na birnin Bagen an raba masu ƙaramin ƙari ko matsakaici su 100 gida biyu ta hanyar ƙuri'a, rabi aka gasa musu shi da haske, wato radiyeshon, nan take, rabi aka jira ana hoto. Sakamakon ya fito a 2023. Bayan shekara 4 ƙarin waɗanda aka gasa ya fi ƙanƙancewa, amma ta fuskar ji da lafiyar yau da kullum ba a ga wani bambancin a zo a gani ba. Fiye da rabin waɗanda aka jira kuwa ba su buƙaci komai ba har ƙarshen binciken.

Yanzu ga wurin da na fi so ka tsaya, wato maganar ji. Shekaru da yawa an ɗauka lissafin mai sauƙi ne: ƙari yana danne jijiyar ji, ji yana raguwa. Sai dai duk mai aikin nan ya ga abin da ya ƙi shiga wannan lissafi. Na taɓa gwada wani dattijo mai ƙari kamar ƙwayar gero, kunnen ya mutu murus. A watan kuma na gwada wata mata mai ƙari ya fi santimita 2, tana maimaita mini kalmomi ba kuskure. Akwai kuma waɗanda ƙarinsu bai motsa ko milimita ɗaya ba cikin shekaru, amma jinsu yana ta zubewa kamar gari a buhu mai huda. In danniya ce kaɗai, wannan bai kamata ya faru ba.

A Bostan, a asibitin ido da kunne na Masacusat, akwai ɗakin da ake adana ƙasusuwan kunnen mutanen da suka ba da su don ilimi bayan rasuwarsu. Da aka duba na masu wannan ƙari, a wani bincike na 2012, sai aka tarar ɓarnar ba a jijiya kaɗai take ba. Katantanwar kunne kanta, wannan ɗan naɗaɗɗen ƙashi mai ruwa a ciki inda ƙara ke zama saƙo, ta lalace: ƙananan ƙwayoyi masu gashi da ke kama sauti sun mutu, ruwan ciki ya yi kauri da furotin. Ƙarin bai shiga wurin ba, amma wani abu daga gare shi ya isa.

Konstantina Stankovic, likitar kunne da ta yi aiki a can kafin ta koma jami'ar Sitanfod, ita da ɗalibanta suka bi sawun wannan abu. Suka riƙa karɓar ƙarin da aka ciro a ɗakin tiyata, su jiƙa shi su tattara ruwan da yake fitarwa, su ɗiga a kan katantanwar kunnen ɓera da aka raya a faranti. A 2015 suka wallafa abin da suka gani. Ruwan wasu ƙarin, musamman na mutanen da jinsu ya lalace sosai, yana kashe ƙwayoyin gashi da zaren jijiya. Ruwan wasu ba ya yin ɓarna sosai. Ɗaya daga cikin abubuwan da suka kama da laifi shi ne wani sinadarin kumburi mai suna TNF-alfa. Wato wasu ƙarin masu dafi ne, wasu lafiyayyun baƙi ne, kuma girma ba shi ke nuna wane ne wane ba. Ka ƙara da cewa jijiyar jinin da ke ciyar da katantanwa guda ɗaya ce tak, siririya, ta cikin wannan rami take bi, ba ta da mataimakiya. In ta matsu, ji na iya faɗuwa cikin dare ɗaya.

Abin da wannan ke nufi ga Mma mai ɗaci ne, amma gara ku ji shi tun yanzu. Ƙwayoyin gashi na kunnen ɗan'adam in sun mutu ba sa sake tsirowa. Cire ƙarin ba ya dawo da jin da ya tafi. Mafi kyawun abin da tiyata ke iya yi shi ne ta bar wanda ya rage, kuma ba kullum take iyawa ba. Hanya ɗaya daga cikin hanyoyi uku da ake bi, wadda William House ya inganta a Los Anjalis a shekarun 1960 lokacin da ya shigo da madubin ƙara girma cikin aikin, ta tsakiyar kunnen ciki take ratsawa, duk wanda aka bi da shi ta nan ya yi sallama da jin wannan kunne. Sauran biyun suna ƙoƙarin tsare ji, sun fi nasara in ƙarin ƙarami ne. Sannan ga jijiyar fuska manne da ƙarin, wani lokaci ta baje a jikinsa kamar jiƙaƙƙiyar takarda. In ta taɓu, baki ya karkace, ido ya ƙi rufuwa, ruwa ya riƙa zuba ta gefen leɓe. A hannun gwani wannan ya ragu ƙwarai, amma bai ɓace ba. Garin neman gira a rasa ido, wannan shi ne abin da likitan Mma yake gudu.

Gashi da haske, wanda Lars Leksell ya fara yi wa irin wannan ƙari a Sitokhom a 1969 da na'urar Gamma Knife, ba wuƙa ba ce duk da sunanta. Haske ne daga kusurwoyi kusan 200 ke haɗuwa a wuri guda. Yana tsayar da girma a fiye da 9 cikin 10 na ƙanana da matsakaita, mutum ya koma gida a ranar ko washegari. A nahiyarmu akwai na'urar a Masar da Maroko da Afirka ta Kudu. Amma shi ma ba maganin kurumta ba ne. A wani bibiya da asibitin Mayo ya wallafa a 2013, cikin waɗanda aka gasa suna da ji mai amfani, kusan 1 cikin 4 ne kawai ya rage da shi bayan shekara 10. Jira ma ba ya tsare ji, yana raguwa a hankali ga mutane da yawa. Abin da 'yan Denmak suka lura shi ne wanda ya zo yana gane duk kalmomin gwaji ba kuskure, shi ya fi daɗewa da jinsa.

Don haka a nemi takardar gwajin ji a duba abu biyu: yaya ƙarfin ƙarar da take ji, da kuma kashi nawa na kalmomi take ganewa. Na biyun ya fi muhimmanci a wannan cuta, don masu ita kan ce "ina jin ana magana, amma ban san me ake cewa ba." Wata 'yar shawara daga cikin ɗaki: ku tabbata an gwada ta da harshen da ke bakinta. Mma 'yar Kejetia ce, Tonanci, harshen Asante, ba zai gagare ta ba, amma in aka jero mata kalmomin Turanci makinta zai faɗi ba don kunne ba. Sashen kunne da hanci da maƙogwaro na asibitin Komfo Anokye, wanda muke kira Jii, yana da wurin gwajin ji, haka ma Korle Bu a Ankara.

Magani na sha ko na allura fa? Ana nema. An taɓa sa rai da asfirin bayan wani nazari na 2014 ya nuna kamar masu shan sa ƙarinsu bai cika girma ba, amma manyan nazarce-nazarcen da suka biyo baya ba su tabbatar ba. Kada a saya wa Mma asfirin a kemis saboda wannan, yana iya huda mata ciki a banza. Wanda ya nuna aiki shi ne bebasizumab, wanda aka fi sani da Avastin, maganin da ke hana ƙari yin sababbin jijiyoyin jini. A 2009 Scott Plotkin na Bostan ya ba mutum 10, ƙarin 9 ya ragu, kuma 4 cikin 7 da aka iya auna jinsu ya inganta. Wannan ya girgiza masana, don ya nuna wani ɓangare na jin da ake ganin ya tafi ashe suma ya yi. Sai dai waɗannan mutane masu nau'in gado ne, maganin yana da tsada, yana taɓa ƙoda yana ta da hawan jini, ba a ba da shi ga mai ƙaramin ƙari a kunne ɗaya.

Tunda na ambaci gado, na san tambayar tana zuciyarka ko ba ka rubuta ba. Kusan 95 cikin 100 na masu wannan ƙari a kunne ɗaya yake, a tsakiyar shekaru ko tsufa, kuma ba a gadonsa. Ragowar su ne masu cutar NF2, inda ƙwayar gado da ke kan kuromosom na 22 ta zo da tangarɗa tun haihuwa. An gano ƙwayar a 1993, furotin da take yi ana kiran sa malin, aikinsa taka wa ƙwayoyin rigar jijiya birki. Masu NF2 ƙarin yakan fito musu a kunne biyu, sau da yawa tun suna samari, kuma kowane ɗa da suka haifa yana da rabin yiwuwar ɗauka. Mace mai shekara 54 da ƙari ɗaya, ba wanda ya kurumce yana matashi a dangi, ba wannan layin take ba. Ku kwantar da hankalinku kai da ƙannenka.

Waya kuma, ku daina ɗora wa Mma laifi. Babban binciken Interphone da aka yi a ƙasashe 13, wanda sashensa na wannan ƙari ya fito a 2011, bai ga ƙarin haɗari ga masu amfani da waya na yau da kullum ba. Ni a wurina waya mai tona asiri ce. Yawancin waɗanda suka zo mini, abin da ya fara ankarar da su shi ne sun tsinci kansu suna mayar da waya ɗaya kunnen.

Kada kuma duk mai karanta wannan da kunnensa ɗaya ya yi nauyi ya ce ƙari ne. A Kumasi abin da ya fi cika mana ɗaki shi ne datti da ya toshe, da ruwan kunne na shekaru, da waɗanda injin niƙa ko hayaniyar garejin kanikawa na Suwame Magazin ta cinye wa ji, da waɗanda sanƙarau ko hangum ko sikila ko allurar jentamaisin ta taɓa. Abin da ke sa mu nemi MRI shi ne gwaji ya nuna raunin na jijiya ne kuma kunne ɗaya ya fi ɗayan sosai, ko ƙara a kunne ɗaya da ta ƙi tafiya, alhali an leƙa an ga kunnen fes. Hoton CT yakan tsallake ƙananan.

Inda jira ke zama sakaci shi ne in ba a dawo ba. Akwai wani direban tirela da aka gano masa ƙari bai kai na Mma ba. Ya ji an ce ba kansa ba ne, ya ji kuɗin hoto na biyu, ya ce Allah ya kyauta, ya koma hanyar Tema zuwa Wagadugu. Bayan shekara 4 ƙanensa ya riƙo shi suka shigo, yana tafiya kamar wanda ya sha, rabin fuskarsa ba ya jin taɓi, ciwon kai yana tashe shi da asuba har da amai. Nasa mai tafiya ne. A lokacin damar gashi da haske ta wuce, sai babbar tiyata. Ban ce laifinsa ne shi kaɗai ba, don ba na jin an zaunar da shi an yi masa bayanin dalilin hoton na biyu. Saboda haka kuɗin da dangi ke son haɗawa na Indiya, a fara cire na hoton wata shida da na shekara mai zuwa a ajiye a gefe, ko adashe ne a shiga. A riƙe faifan hoton farko, ba takardar kaɗai ba, don a ɗora sabon a kan tsohon a auna. In an sami ƙarin fiye da milimita 2, a nan ne za a zauna da likitan kunne da na ƙwaƙwalwa a yi maganar gashi ko tiyata, kuma a girman nan akwai sauran lokaci.

Ba za a jira wata shida ba in fuska ta fara mutuwa ko karkacewa, ko tafiya ta lalace, ko gani ya zama biyu, ko ciwon kai mai amai ya zo. Haka in Mma ta wayi gari jin ya faɗi gaba ɗaya, a wannan kunne ko a ɗayan. Wannan na ranar ne, don maganin sitirod da ake bayarwa ya fi aiki a mako biyu na farko, kuma kada a ɓata kwanakin ana ɗiga man zaitun ko ruwan albasa.

Kafin nan, kunnen hagu shi ne jarinta, a tsare shi. A wurin biki kada a zaunar da ita kusa da lasifika, kuma duk likitan da zai rubuta mata allura a gaya masa kunne ɗaya take da shi mai kyau. In har tana gane kalmomi da na dama, na'urar ƙara ji za ta taimaka, takan kuma rage ƙarar gyaren. In ba ta ganewa, akwai wadda ke ɗauko sauti daga dama ta aika hagu. Mai kunne ɗaya ba ya sanin daga ina ƙara take zuwa, don haka in za ta tsallaka titi a tashar Aboabo ta juya ta duba da ido, kada ta dogara da jin hon ɗin 'yan paragiya, masu keke mai ƙafa uku. A shago kuma a juya mata kujera yadda masu saye za su tsaya ta hagunta, bango ya koma dama.